NAMAN ƁAUNAR AMURKA A ABINCIN MASU MOTSA JIKI

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga manyan kantunan abinci na ƙasashen Amurka da Kanada, zai tarar a ɓangaren nama akwai wani jan nama mai duhu-duhu, wanda babu zanen kitse a jikinsa, amma kuɗinsa ya ɗara na naman sa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne naman dabbar da Turawa suke kira bison, wadda a cikin wannan maƙala za a riƙa kiran ta ɓaunar Amurka. Da yawa daga cikin masu sayensa masu motsa jiki ne, watau masu ɗaga ƙarfe da 'yan tsere da masu fafitikar rage ƙiba. Hujjarsu kuwa ita ce, naman yana cike da sinadarin gina jiki, ga shi kuma kitsensa bai taka kara ya karya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan hujja a kan ma'auni biyu. Na farko shi ne abin da masana abinci suka gano game da naman da kuma bukatun jikin mai motsa jiki. Na biyu shi ne tarihin mutanen da suka yi dubban shekaru suna rayuwa a kan wannan dabba, suna kuma aikin ƙarfi dare da rana. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kitsen da ake yabon naman saboda rashinsa a yau, shi ne ainihin abin da waɗancan mutane suke nema ido rufe. Fahimtar dalilin wannan saɓani ita ce za ta nuna wanda naman zai amfana, da iyakar amfanin nasa, da kuma inda masu talla suka wuce gona da iri.

Siffar dabbar da dalilin ƙarancin kitsenta

Da farko ya kamata a warware maganar suna. Ɓaunar da maharban ƙasar Hausa suka sani, wadda har yanzu ake samu a dajin Yankari, dabam take da ta Amurka, haka nan ɓaunar ruwa da ake tatsa ana kuma noma da ita a Indiya da Masar. Dukkansu dangin shanu ne, amma kowace da jinsinta. Kamanni ne kawai ya sa aka ara wa ta Amurka wannan suna.

Ɓaunar Amurka ita ce dabba mafi girma daga cikin masu tafiya a doron ƙasa a Amurka ta Arewa. Namiji yakan kai kilo 900, mace kuwa kimanin rabin haka. Tana da ƙaton kai da gemu da gajerun ƙahoni, da gashi mai kauri wanda ya rufe mata gaba. Duk da wannan nauyi, takan yi gudun da ya kai kilomita 55 a awa guda. Tana da tozo, sai dai ba irin na sa ba ne. Tozonta tsoka ce da ta ɗoru a kan wasu dogayen ƙasusuwan gadon baya, kuma da ƙarfinsa take kaɗa kai ta share dusar ƙanƙara ta kai ga ciyawa a lokacin sanyi.

Dalilin ƙarancin kitsen namanta yana da alaƙa da tarihin kiwo. Turawa sun yi ƙarnoni suna zaɓen irin shanun da suke tara kitse a cikin tsoka, kamar irin da ake kira Angus, domin irin wannan nama ya fi taushi da maiƙo, ya kuma fi daraja a kasuwarsu. Ɓaunar Amurka kuwa ba a yi mata wannan zaɓe ba. Tana nan kusan yadda take a daji, takan tara kitsenta a ƙarƙashin fata da gefen ƙoda, inda mahauci zai iya yanke shi ya ware. Shi ya sa tsokarta take fitowa ja wur, babu farin zane.

Yadda ta kusa ƙarewa da yadda ta dawo

An ƙiyasta cewa kafin ƙarni na 19 akwai ɓauna tsakanin miliyan 30 zuwa 60 a filayen ciyawa da suka miƙa daga Kanada zuwa arewacin Meziko. Ƙabilun asali na waɗannan filaye, irin su Lakota da Cheyenne da Blackfoot da Comanche da Cree, da ita suka dogara wajen ci da sutura da matsuguni. A lardin Alberta na Kanada akwai wani gangaren dutse da ake kira Head-Smashed-In, inda aka yi kusan shekara 6,000 ana koro garkuna su faɗo, a yanka a shanya.

Wannan arziki ya rushe cikin ƙasa da shekara 20. A 1869 aka gama layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, ya raba garkunan gida biyu, ya kuma sauƙaƙa jigilar kaya. A farkon shekarun 1870 majema suka gano hanyar jeme ƙirgin ɓauna ya zama fatar da injinan masana'antu suke bukata. Sai maharba suka yi dafifi da manyan bindigogi, suna kashewa suna feɗe ƙirgi, su bar nama ya ruɓe a fili. Wasu shugabannin soja sun yi na'am da wannan ɓarna, domin sun san idan ɓauna ta ƙare, ƙabilun da suka ƙi miƙa wuya za su durƙusa. A 1889, lokacin da masanin dabbobi William Hornaday ya wallafa ƙidayarsa, ɓaunar da ta rage ba ta wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, har da waɗanda ke hannun masu kiwo.

A 1905 Hornaday da wasu suka kafa ƙungiyar ceton ɓauna, Shugaba Theodore Roosevelt ya zama uban ƙungiyar. A 1907 aka ɗauki guda 15 daga gidan namun daji na Bronx a birnin New York zuwa gandun Wichita a Oklahoma. Daga irin waɗannan ƙananan garkuna aka sake hayayyafa. A yau adadinsu yana tsakanin 400,000 zuwa 500,000, kuma mafi yawansu suna hannun masu kiwo don nama. A 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da ita dabbar ƙasa ta Amurka.

Abin da ya buɗe wa naman kasuwa shi ne tsoron kitse. A 1977 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a ƙarƙashin Sanata George McGovern ya shawarci jama'a su rage cin kitsen dabba saboda ciwon zuciya. A 1985 Boyd Eaton da Melvin Konner suka wallafa maƙalarsu a kan abincin mutanen zamanin dutse, wadda daga baya ta haifar da yayin cin abinci irin na maharban dā, musamman bayan littafin Loren Cordain na 2002. A wannan shekara ce kuma attajirin nan Ted Turner, wanda ya tara garken ɓauna mai dubun-dubata, ya buɗe gidajen cin abinci na Ted's Montana Grill. Nama mai ja, marar kitse, mai kuma ƙamshin tarihi, ya zo daidai lokacin da ake neman irinsa.

Abin da naman ya ƙunsa

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su na Ma'aikatar Gona ta Amurka ne, kuma sun shafi giram 100 na dafaffen nama. Tsokar ɓauna da aka raba da kitse tana da furotin, watau sinadarin gina jiki, kimanin giram 28, da kitse giram 2.4. Kalorinta 143 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Naman sa mai zanen kitse, irin wanda Amurkawa suka fi so, yana da furotin kimanin giram 27, da kitse fiye da giram 18, da kalori 283. Naman kaza da aka cire wa fata yana da furotin kusan giram 29, da kitse giram 7.4, da kalori 190.

Abu na farko da za a lura da shi a nan shi ne, furotin ɗin kusan ɗaya ne a duka ukun. Bambancin yana wajen kitse, kuma shi ne ya jawo bambancin kalori, domin giram ɗaya na kitse yana da kalori 9, na furotin kuwa 4 kacal.

Abu na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jini yake bukata domin ɗaukar iska zuwa tsoka. A giram 100 ɓauna tana da miligiram 3.4, sa yana da kimanin 2.7, kaza kuwa 1.2. Irin na nama ya fi na ganye da hatsi saurin shiga jiki. Wannan yana da muhimmanci ga 'yan tseren dogon zango da mata masu motsa jiki, waɗanda ƙarancin wannan sinadari yake yawan kamawa. A ma'aunin hukumomin lafiya na Amurka, namiji baligi yana bukatar miligiram 8 a rana, mace mai shekara 19 zuwa 50 kuwa 18. Har ila yau giram 100 na naman yana da bitamin B12 da ya ishi baligi na yini guda. Amma fa wajen kwalastaral babu wani bambancin a zo a gani: ɓauna miligiram 82, sa 87, kaza 89.

Bukatar mai motsa jiki

Tsoka tana girma ne ta hanyar wahala da gyara. Idan mutum ya ɗaga nauyi ko ya yi gudu mai tsanani, zaren tsokarsa yakan ji jiki, sa'an nan a lokacin hutu jiki ya gyara shi ya ƙara masa kauri. Kayan wannan gyara su ne ƙananan sinadaran da furotin yake rarrabuwa zuwa gare su bayan narkewa, waɗanda ake kira amino asid. Guda 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci, kuma kowane irin nama yana da su duka.

Mutumin da ba ya aikin ƙarfi yana bukatar furotin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga 'yan wasa kuwa, manyan ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada sun ba da shawarar giram 1.2 zuwa 2.0 a matsayarsu ta 2016. A 2018 Robert Morton da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 49 suka nazarce su, suka ga cewa ƙaruwar tsoka takan tsaya idan furotin ya kai kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo. Abin da aka ƙara a kan wannan, ga yawancin mutane, ba ya ƙara tsoka.

Alal misali, a ɗauki saurayi mai nauyin kilo 70 wanda yake ɗaga ƙarfe. Bukatarsa giram 112 ce a rana. Da a ce daga nama kaɗai zai samo ta, zai ci kimanin giram 400. Idan tsokar ɓauna ce, ya sami kalori 572. Idan naman sa mai zanen kitse ne, ya sami fiye da 1,100. Ratar ta haura kalori 500 a rana, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan damben da yake son ya shiga ajin nauyinsa, ko mai gina jiki da yake son zubar da kitse ba tare da tsoka ta zube ba, ko mai ƙiba da likita ya ce ya rage. Waɗannan su ne naman ya fi yi wa rana. A nan hujjar masu sayensa ta tsaya da ƙafarta.

Sai dai ba kowane mai motsa jiki ne yake neman rage kalori ba. Ɗan tseren keke ko mai gudun yada-ƙanin-wani yakan ƙone kalori 4,000 ko fiye a ranar atisaye mai tsanani, kuma damuwarsa ita ce yadda zai mayar da abin da ya ƙone. Man da tsoka take fara ƙonawa a aiki mai tsanani shi ne sukarin da jiki yake tanadi a hanta da tsoka, wanda ake samu daga abinci mai sitaci kamar shinkafa da dankali da alkama. Nama ba shi da wannan ko kaɗan. Ga irin wannan mutum ƙarancin kalorin naman ɓauna ba riba ba ne. Tarihin maharbanta ya bayyana haka fiye da kowane gwaji.

Darasi daga maharban dā

Maharban filayen Amurka sun fi son farautar kaka, lokacin da matan ɓauna suka ƙoshi da ciyawar damina suka yi kitse. Abin da suke fara ɗauka shi ne harshe da tozo da kitsen baya da na ƙoda. Sukan fasa ƙashi su kwashe ɓargo, sa'an nan su farfasa sauran su tafasa, su kwashe man da ya taso. Masanin kayan tarihi John Speth ya nuna a littafinsa na 1983 cewa a wani wurin farauta da ake kira Garnsey a jihar New Mexico, maharban bazara sun fi kwasar naman maza, suka yi watsi da yawancin na mata, domin a wannan lokaci ciki da shayarwa sun tsotse kitsen matan. Mutanen da ba su da tabbacin abincin gobe suna barin tsoka a ƙasa saboda ba ta da mai.

Dalilin haka yana cikin halittar jikin ɗan Adam. Hanta tana da iyakar furotin da za ta iya sarrafawa a rana. Idan ya haura kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci, sai tashin zuciya da gudawa da kasala su biyo baya, ga kuma yunwar da nama ba ya kashewa. Mafarautan arewacin Kanada sun san wannan ciwo, suna danganta shi da cin zomo zalla, saboda zomo ba shi da kitse. A 1928 matafiyi Vilhjalmur Stefansson ya yarda likitocin asibitin Bellevue na New York su yi gwaji da shi, ya yi shekara guda ba ya cin kome sai nama. A kwanakin farko da aka ba shi tsoka zalla, ciwon ya kama shi. Da aka mayar masa da kitse ya warware, ya kuma ƙarasa shekarar lafiya.

Daga wannan sani aka haifi guzurin da ake kira pemikan, kalmar da ta fito daga harshen Cree, tushenta kuwa kalmarsu ce ta mai. Akan yanyanka tsoka fale-fale a shanya, kamar yadda ake fara kilishi. Amma a maimakon a tsoma ta cikin labu a gasa, sai a daka ta ta zama kamar dambu, a kwaɓa da narkakken kitse kusan daidai nauyinta, wani lokaci a zuba busassun 'ya'yan itace, a ɗura cikin taikin ƙirgin ɓauna mai cin kilo 40. Yakan yi shekaru bai lalace ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da yake bayarwa daga kitse yake fitowa.

Da wannan guzuri fataken fatu na Kanada suka yi aiki, mutanen da sukan yini suna tuƙa kwale-kwale na awa 14 ko fiye, su kuma ɗauki kaya mai nauyi a baya daga wannan kogi zuwa wancan. Darajarsa ta kai ga zubar da jini. A 1814 gwamnan matsugunin Red River, Miles Macdonell, ya hana fitar da pemikan daga yankin, abin da ya harzuƙa kamfanin North West da al'ummar Métis masu yin sa. Rikicin ya kai ga faɗan Seven Oaks a 1816, inda aka kashe mutum fiye da 20.

Game da lafiyar masu cin ɓauna kuwa, Richard Steckel da Joseph Prince sun nuna a 2001 cewa a tsakiyar ƙarni na 19 mazan ƙabilun filayen masu hawan doki suna cikin mutane mafiya tsawo a duniya, matsakaicin tsawonsu ya haura santimita 172. Wani binciken na Donn Feir da Rob Gillezeau da Maggie Jones ya nuna cewa bayan ƙarewar ɓauna, tsawon 'ya'yan waɗannan ƙabilu ya ragu. Masu talla suna son kafa hujja da ƙarfin waɗannan mutane. Abin da ba sa faɗa shi ne, dabbar suke ci gaba ɗayanta, da hanta da ɓargo da kitse, tare da saiwoyi da 'ya'yan itace da masarar da suke musaya da manoma, kuma kullum suna kan tafiya da aiki.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kowane naman ɓauna a matsayin marar kitse. Alƙaluman da aka kawo a baya na tsoka ne zalla. Mafi yawan abin da ake sayarwa a kantuna niƙaƙƙen nama ne, wanda ake niƙawa tare da kitse. A alƙaluman ma'aikatar gonar dai, ɗanyen niƙaƙƙen naman ɓaunar da ta ci ciyawa kaɗai yana da kitse kimanin giram 7 a giram 100, na gama-gari kuwa kusan 16. Wannan na biyu ya fi wani niƙaƙƙen naman sa kitse. Haka nan ana kwatanta ɓauna da mafi kitsen naman sa domin ratar ta yi faɗi, alhali tsokar cinyar sa da aka gyara ba ta wuce giram 5 na kitse, ƙirjin kaza kuwa yana da furotin giram 31 da kitse 3.6.

Na biyu shi ne zaton cewa duk ɓauna a fili take kiwo har ranar yanka. Gaskiya ne doka ba ta yarda a yi mata allurar saurin girma ba. Amma da yawa akan tsare su a turke a ba su hatsi na kwana 90 zuwa 120 kafin yanka, kuma wannan yakan ƙara kitsen ya sauya irinsa. Bugu da ƙari, an sha samun kayan da aka rubuta wa sunan ɓauna alhali naman ɓaunar ruwa ne da aka shigo da shi daga waje.

Na uku shi ne mantawa da cewa jan nama ne. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin hanji, ta kuma sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin waɗanda aka tabbatar. Ma'anar jan nama a wurinta ita ce tsokar duk wata dabba mai shayarwa. Asusun binciken ciwon daji na duniya ya ba da shawarar kada a wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako. Ke nan giram 400 ɗin da aka yi misali da shi a baya rabon mako guda ne, ba na yini ba. Sauran furotin sai saurayin ya neme shi a kifi da kaza da ƙwai da madara da wake. Akwai wani gwaji na 2013 da ya nuna cewa cin ɓauna na mako 7 bai taɓa jijiyoyin jini kamar yadda cin naman sa ya yi ba, amma a kan 'yan tsirarun maza aka yi shi, don haka bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Na huɗu ya shafi girki. Da yake naman ba shi da kitsen da zai kare shi daga wuta, yakan bushe ya yi tauri da wuri, don haka masu dafa shi sukan rage wuta su kuma sauke shi da sauran ja. Wannan ya halatta ga yanki guda idan zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyos, aka kuma bar shi ya huta minti 3. Niƙaƙƙe kuwa sai ya kai digiri 71, domin niƙa takan shigar da ƙwayoyin cuta daga bayan nama zuwa cikinsa. A 2019 mutum 33 a jihohi 8 na Amurka sun kamu da ciwon ciki mai tsanani ta hanyar niƙaƙƙen naman ɓauna, aka kwantar da 18 a asibiti.

Na biyar shi ne tsada. A Amurka akan yanka shanu kimanin miliyan 30 a shekara, ɓauna kuwa ba ta kai 100,000 ba. Ga shi tana da wuyar sarrafawa, tana bukatar shinge mai ƙarfi, kuma ba ta saurin girma kamar sa. Saboda haka kuɗin namanta ba zai taɓa yin daidai da na sa ba, alhali furotin ɗin da ke cikinsu ɗaya ne.

Masu dabbar na asali

Ba masu ɗaga ƙarfe kaɗai ne suka koma ga naman ɓauna don lafiya ba. Bayan an tsare ƙabilun asali a keɓaɓɓun yankuna, gwamnati ta riƙa raba musu garin alkama da sukari da man girki, kuma a ƙarni na 20 ciwon sukari da ƙiba suka yi musu katutu. A 1992 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa don mayar da ɓauna ƙasashensu, wadda a yanzu ake kira InterTribal Buffalo Council, kuma mambobinta sun haura ƙabila 80. Ana kai naman makarantu da gidajen tsofaffi. A 2007 wani kamfanin 'yan Lakota a yankin Pine Ridge ya fito da Tanka Bar, ɗan curin busasshen naman ɓauna da 'ya'yan itace, wanda aka samo daga guzurinsu na gargajiya mai suna wasna, ya kuma sami karɓuwa a wurin masu tsere da masu hawan duwatsu. A wurin waɗannan al'ummu maganar ta wuce lissafin kalori, domin dawowar dabbar dawowar abinci ce da sana'a da al'adar da aka raba kakanninsu da ita.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa naman ɓaunar Amurka nama ne mai kyau, mai yawan furotin da sinadarin ƙarfe, kuma tsokarsa tana taimaka wa wanda yake son ya riƙe tsoka ya zubar da kitse. Za a kuma ga cewa ba shi da wani sirrin da babu a tsokar sa marar kitse ko kaza ko kifi. Ɗan kwale-kwalen 1814 ya kwaɓa shi da kitse domin yana ƙone fiye da abin da yake samu. Ma'aikacin ofis na yau yana yanke kitsen domin yana samun fiye da abin da yake ƙonewa. Kowannensu ya yi daidai da halin da yake ciki, kuma wanda ya ari tsarin ɗaya alhali yana cikin halin ɗayan, shi ne zai cutu. Saboda haka tambayar da ta kamata mai motsa jiki ya fara yi ita ce irin aikin da jikinsa yake yi da abin da yake bukata, kafin ya tambayi sunan dabbar. Wanda bai taɓa ganin ɓaunar Amurka ba bai yi asarar kome ba muddin ya cika ma'aunin furotinsa, ya ci hatsi da ganye, ya sami barci, ya kuma jure wa atisaye, domin Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.